Kujera Mai Kallon Baya

Shalele,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya aiki, ya ƙarin haƙuri? Mu nan lafiya lau. In aka cire gwiwa da kunne da ido, sauran jikina sabo ne fil, ko leda ba a cire ba. Ki daina kirana a waya kina cewa ban ɗauka ba. Ina ɗauka, ji ne ba na yi. Ki rubuto ki ba direban nan mai kawo saƙo, kuma ki yi baƙaƙen manya-manya kamar na allon talla.

Ɗanki yana gaishe ki, wato Maigidana. Ban taɓa ganin miji mai wahala irinsa ba. Kakanki, Allah ya jiƙansa, ko ba komai da ƙafarsa yake zuwa banɗaki. Wannan kuwa shekara biyu saura kaɗan, ba cefane, ba sallama, ya ci ya watsar. Jiya ya jefa mini carbi cikin bokitin wanki yana kallona ido cikin ido.

To ga maganar. Likita ya ce yanar idon nan ta nuna, ƙarshen wata za a cire. Ya ce bayan aikin ba sunkuyo, ba ɗaukar abu mai nauyi sai an kwana biyu. Na ce masa ina da miji mai son a ɗauke shi. Bai yi dariya ba, yaran yanzu. Kin ga ke nan lokacin da muka yi da ke ya zo. Da kika fita takaba za ki koma bakin aikinki, kin ce in riƙe shi kafin ki nutsu. Na riƙe. Yanzu sai ki karɓi kayanki.

Kawunki ya ce zai kawo miki shi a motar marigayi, tunda dama taki ce, kuma ta gaji da zama ƙarƙashin tampol, kaji sun mayar da ita gidan haya. Ya sa batir, ya ba taya iska, ta tashi bugu ɗaya. Matarsa za ta riƙe yaron a cinya. Ki faɗi ranar da ta yi miki.

Kakarki

*

Kaka,

Na sami takardarki. Ina lafiya. Ina zuwa aiki, ina cin abinci, ina barci. Allah ya sa a yi aikin a sa'a.

Kada a riƙe shi a cinya. Tafiyar doguwa ce, in aka taka birki da ƙarfi ba hannun da zai iya riƙe shi. A saya masa kujerar mota ta yara. Akwai wadda ake ɗaurawa tana kallon baya, in ya girma a juya ta gaba, ita nake so. Sabuwa, a kwalinta. Ban da ta gwanjo, ba a san abin da ta gani ba. Kafin a je a auna nauyinsa da tsawonsa, a duba jikin kwalin a ga ta yi masa. A baya za a ɗaura ta, fuskarsa tana kallon baya, saboda wuyansa bai yi ƙwari ba.

Kada a taso sai na ce.

A ce wa Kawu kada ya taɓa kujerar direba. A bar ta yadda babansa ya bar ta.

Shalele

*

Shalele,

Ina gaishe ki, da fatan kin tashi lafiya. Mu ma haka. Takardarki ta iso, na karanta ta kafin shayina ya huce. Wannan ai ko takardar magani ta fi ta hira. Ba komai, na ji umarni.

Mun auna shi. Da yake ba mu da sikeli, sai muka tafi wurin mai sayar da gas na bakin layi. Maigida ya ga sikeli ya ce atafau ba zai hau ba, ya sandare kamar muciya. Sai mai gas ya ce in ɗauke shi mu hau tare, in sauke shi in hau ni kaɗai, a ɗebe. Haka aka yi. Amma da yake ya san kunnena, sai ya ɗaga murya ya faɗi nauyina, duk masu layi da tukwanensu suka ji. Wata ta ce, "Tubarkalla, Kaka, ashe da saura." Na ce mata rabi zani ne. Tsawo kuma tela ya gwada shi da awonsa a jikin ƙofa, yana gwadawa Maigida yana cin ƙarshen awon.

Shagon da kawunki ya kai ni kujeru ne reras har sama, kowace da maɗaurai kamar za a tura yaro duniyar wata. Mai shagon ta duba awon da muka rubuto, ta sauko da wata mai ruwan toka, ta ce wannan za ta kai shi har ya shiga makaranta. Na ce ni dai ta kai shi wurin uwarsa. Na tambaye ta, yaro yana kallon baya ina zai sa ƙafa? Ta ce tanƙwashewa suke yi, ba ya damunsu. Na ce haka ne, mu ne gwiwa ta ci amanarmu.

A gida kawunki ya ɗaura ta tana kallon gaba, wai mutum ba ya tafiya da ƙeya. Na ce Shalele ta ce baya. Ya ce Shalele ai shi ya koya mata ɗaura takalmi. Na ce to yau ita za ta koya maka ɗaura kujera. Ya juya ta yana gunaguni. Tana ɗan rawa in an taɓa, amma ni ma ina rawa kuma ban faɗi ba. Na ga cikinta da tauri, sai na shimfiɗa masa ɗan matashi da bargo. Kawunki ya ɗauki hoto ya tura miki a waya.

Sai dai fa ki shirya, an yi miki ƙwace. Na ɗaga shi na nuna masa hotonki na bango, na ce ga inda za ka. Ya duba ya duba, ya ce, "Anti." Ya juya ya cusa kai cikin wuyana. Kin ji, mijin nan ya ce ba inda za shi, ni ce uwa ni ce mata. In kina so sai ki kai ƙara.

Kujera ta samu. Saura rana.

Kakarki

*

Shalele,

Gaisuwa. Lafiya dai ko? Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannu rabbana. Na ce ko ya jefar ne, ya rantse har yana neman yin fushi. Kawunki ya ce kin buɗe hoton, ba ki ce komai ba.

Ranar aikin ido ta zo ta wuce. Na je na ce a ɗaga. Likita ya cire gilashinsa ya kalle ni, ya ce wata mai zuwa, kuma daga nan ba ƙari. Maigida lafiya, haƙori ne yake fitowa, yawu kamar famfo.

Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Kakarki

*

Kaka,

Ina lafiya. Aiki ne ya yi yawa a ɗakin magani.

Na ga hoton. Kujerar ba ta ɗauru ba. Tana da hanyar bel biyu, ɗaya ta kallon gaba, ɗaya ta kallon baya. Kawu ya juya ta amma ya bar bel ɗin a ta gaba. A zare a bi da shi ta ƙasan, inda aka yi alama. A danne ta da gwiwa a ja bel ɗin har ya ƙare. In aka kama ta daidai wurin bel aka girgiza, kada ta motsa fiye da faɗin babban yatsa. A gefenta akwai ɗan ƙwallo cikin gilashi, ya tsaya tsakanin layukan. A cire matashi da bargo, ba a sa komai a bayansa. Maɗauran su fito daidai kafaɗarsa ko ƙasa kaɗan. Maballin ƙirji daidai hammata. In aka iya tsunkular maɗaurin a kafaɗa, bai ɗauru ba.

Amma ba gaggawa. Na karanta abin da kika ce. Tunda ya saba da ke, kuma bai san ni ba, ina ganin a bar shi nan. Zan sa a nemo mai taya ki bayan aikin.

Shalele

*

Shalele,

Na gaishe ki. Ina fatan kina lafiya, irin lafiyar gaske, ba ta takarda ba.

Bakina ya fi ƙafata sauri, kin sani tun kina goye. Wasa na yi. In shi ya sosa miki rai, ki ajiye shi gefe, yau ba da shi na zo ba. To, kaɗan ne kawai.

An sake ɗaura kujera. Kawunki ya hau ta da gwiwa yana nishi kamar mai danne rago, ni ina karanta masa takardarki da ƙarfi, har maƙwabta sun iya. Mun fara gwada tsakiya, ta ƙi zama, wurin da tudu. Muka gwada bayan direba, ta ƙi shiga, kin san mijinki dogo ne, ya tura kujerarsa har ƙarshe, ke kuma kin ce kada a taɓa. Sai bayan kujerar mai zaman banza, wurinki ke nan. Nan ma sai da aka tura taki gaba har ta kusa sumbatar gilashi. Yanzu ba mai gwiwa da zai zauna a nan. Amma kujerar yaro ta kafe, na girgiza ta da hannu biyu, motar ce ta motsa. Ƙwallon ni ban gan shi ba, kawunki ya ce yana tsakiya.

Sai wata sabuwa. Kawunki ya zauna zai gwada fita da ita, ƙafarsa ta ƙi kai birki. Ranar da ya tayar da ita ashe da ɗan yatsan ƙafa ya taɓo. Ya zauna ƙafa na lilo kamar yaro a kujerar aski. Ya ce a sa masa matashi, na ce ba da Maigidana ba. Motar nan ba za ta fita ba sai an ja kujerar nan, kuma ban bari an ja ba.

Kullum da la'asar ni da Maigida muna shiga mu zauna don ya saba. Ina ɗaure shi yadda kika ce, in tsunkula, in ja, in sake tsunkula. Ba ma zuwa ko'ina. Silifas ɗin babansa suna nan ƙarƙashin kujera, ban taɓa ba. Abin da takardarki ba ta faɗa ba shi ne, yaro in yana kallon baya ba ya ganin direba, ba ya ganin hanya. Jikin kujera yake gani da wanda ke gefensa. In na zauna, sai ya yi ta ba ni labari da yarensa. In na matsa ko ƙofa zan rufe, sai ihu. An gwada matar kawunki, ya cije ta.

Maganar mai taya ni kuma, bari in ba ki labari. Shekaranjiya ina tsakar gida ina tsince shinkafa, ina yi masa faɗa kan ya daina wasa da ruwa. Ya yi shiru a gefen famfo, na ce yau miji ya ji magana. Na daɗe ina yi masa wa'azi. Sai ga mai gas ya yi sallama riƙe da hannunsa. A bakin titi ya tsince shi. Bokiti nake yi wa magana, Shalele, shuɗin bokitin nan mai kalar rigarsa. Mai gas ya yi dariya, ni ma na yi. Da ya tafi na rufe ƙofa na sa sakata.

Ba mai aiki yake buƙata ba. Ki faɗa mini gaskiya, me ya rage a jikin kujerar nan da ba mu gyara ba?

Kakarki

*

Kaka,

Ba abin da ya rage.

Ba fushi na yi ba. Da fushi ne da na gode Allah. Da na karanta cewa ya ce mini anti, sauƙi na ji. Na ninke takardar na koma na ci gaba da zuba ƙwayoyi a leda. Shi ya sa na kasa rubuto miki.

Hotunan da Kawu yake turowa, bel nake dubawa. Na san duk inda ya karkace. Fuskar ba na kaiwa gare ta. Goshin babansa ne, da yadda yake ɗage gira ɗaya. Ban ce ina jin zafi ba. Ba na jin komai, kamar ƙafar da aka daɗe a kanta. Mutane suna cewa na yi haƙuri, ni kuwa ban san inda haƙurin yake ba balle in yi shi.

Ɗan littafin kujerar nan na haddace shi tun kafin ku saya. Shi na iya. Ina tsoron a miƙo mini yaro ya kalle ni ya ga ba kowa a ciki.

Kada Kawu ya ga wannan.

Shalele

*

Shalele,

Gaisuwa da fatan alheri. Kawunki bai gani ba, na sa ta inda nake ɓoye alewa, ko Maigida bai san wurin ba.

Lokacin da uwarki ta rasu kina rarrafe. Aka miƙo mini ke, na karɓa kamar an ba ni ajiyar buhu. Ina yi miki wanka, ina ba ki abinci, duk wanda ya zo ya ce kai, wannan baiwar Allah da ƙarfin hali. Wata rana na je kasuwa, ina tsakiyar cinikin albasa sai gabana ya faɗi, ina yarinyar? Na bar albasa na bi rumfa rumfa ina tambaya ko an ga wata 'yar baƙa mai kunnen zomo. Mutane suna ta kallona. Sai wata mai gishiri ta ce, "Baiwar Allah, wadda ke bayanki fa ta wace ce?" Kina nan kina barci, yawunki ya jiƙa mini riga.

Ba zan ce miki ga ranar da abin ya sake ni ba, don ban sani ba. Na dai waiwaya na ga kin yi girma kina satar mini sukari ina zagin ki da gaske.

Ba wanda zai auna abin da ke cikinki, sikelin mai gas bai kai nan ba. Hannu ake nema da zai ja kujerar mijinki, da mutum da zai zauna a baya. Ni ba zan ja ba, kawunki ba zai ja ba. Ki hau mota ki zo kafin ranar likita. In ba ki zo ba zan sake ɗagawa, in makance, ki sha kunya a dangi.

Kakarki

*

Kaka,

Mun iso lafiya. Ina fatan an yi aikin lafiya. Kawu zai kawo miki wannan da hannunsa.

Akwai abin da idonki bai gani ba ranar, bari in faɗa miki. Da na sa hannu ƙarƙashin kujerar direban na ja ƙarfen, ya ƙi. Sai da Kawu ya ce in ɗaga sama tukuna. Ta zo gaba, ta yi ƙas, ta tsaya. Wani murfin biro ya gangaro. Shi ke nan. Na tsaya ina jiran wani abu ya faru da ni, Kawu ya ce rana tana yi.

Da muka fita layi, Kawu yana tuƙi ni ina baya, kina tsaye a ƙofa kina ɗaga wa motar maƙwabta hannu. Yaron kuwa yana ganin ki ta gilashin baya, sarai, har muka sha kwana. Ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Na duba bel, na duba maballi, na tsunkula. Komai daidai. Ban san me zan ƙara ba, sai na ɗora hannuna a gefen kujerar. Ya ture. Can ya gaji ya yi barci. Kansa bai faɗo gaba ba, ƙwallon yana tsakiya. Mun tsaya a hanya na ciro shi ya miƙe ƙafa, ya ci ayaba, ya shafa mini sauran a mayafi.

Yana ce mini anti. Ina amsawa.

Ba abin da ya canja a wurina, kada ki tambaya. Na ɗauki hutu. Yana bin ɗakuna yana leƙa bayan ƙofa, na san wa yake nema. Amma akwai abin da ya fi ƙarfina. Tun jiya yake tsayawa a gabana yana cewa "bubu". Na ba shi ruwa, ya ture. Na ba shi burodi, ya jefar. Na kai shi banɗaki, na kunna masa waya, na ɗauko silifas ɗin babansa ko su ne. Yana ta faɗa yana buga ƙafa, yanzu ma yana nan yana jan mini zani. Mene ne bubu? Ki aiko amsa da direban gobe.

Shalele

*

Shalele,

Kawunki ne yake rubutawa, ni nake faɗa, saboda an rufe mini ido ɗaya da auduga kamar tulun da ake tsoron ƙuda. In kin ga kuskure nasa ne. Takardarki ma shi ya karanta mini, a kunne, da ihu, yanzu duk layin nan sun san na ɗaga wa motar maƙwabta hannu.

An yi aiki lafiya. Sun ce gobe za a buɗe in ga duniya. Na ce ba sauri, ba wani abin kallo a gidan. Na share tsakar gida tun shekaranjiya, har yau a share yake. Carbina yana inda na ajiye shi.

Kin ce kada in tambaya, ban tambaya ba.

Na so in bar ki ki sha wuya kamar yadda na sha kafin na gane, amma kawunki ya ce in ji tsoron Allah. Bubu goyo ne. Ki nemi zani mai ƙwari, ki durƙusa ki juya masa baya, sauran shi zai yi, ya fi ki iyawa. Yana da nauyi, ki ɗaure sama da ƙasa. Ba sai kin kalli fuskarsa ba tukuna.

Kakarki